In kwashe ƙorafe-ƙorafen kwastomomi zuwa jerin ayyukana?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina aiki a sashen kula da kwastomomi na wani kamfanin manhaja. Ƙorafe-ƙorafe ta manhajar Zendesk suke shigo mana, kowane ƙorafi ana kiransa tikiti, ni kuma a manhajar Todoist nake rubuta ayyukana. Kullum ina kai da kawowa tsakaninsu, har wasu suna kuɓuce mini. Shin in riƙa kwafo kowane tikiti zuwa Todoist?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. A'a, kada ki kwafo duka. Da zarar tikiti ya zauna wuri biyu, sai ki rufe shi a nan ki manta da shi a can, kafin mako ya zagayo ba ki san wanne za ki gaskata ba. Zendesk ne gidan tikiti, domin a nan abokan aikinki suke ganinsa, a nan kuma ake ƙirga lokacin da aka yi wa kwastoma alkawarin amsa.

Abin da zai shiga Todoist iri biyu ne. Na farko aiki guda mai maimaita kansa, misali "duba layin tikiti" da ƙarfe 9 na safe da kuma bayan azahar. Duk wanda amsarsa ba ta wuce minti 2 ba, ki gama da shi nan take.

Na biyun shi ne inda mutane suka fi kuskure: tikitin da ke buƙatar ki yi wani abu a wajen Zendesk. Kada ki rubuta "matsalar biyan kuɗi", wannan ba aiki ba ne, take ne kawai. Rubuta "tambayi sashen kuɗi ko an mayar wa kwastoma kuɗinsa", ki haɗa da lambar tikitin da mahaɗinsa, ki sa rana. Sunan kwastoma da lambar wayarsa kuwa su tsaya a Zendesk. Manhajarki ta kanki ba wurin ajiye sirrin mutane ba ce.

Wanda kike jiran kwastoma ya amsa ba ya buƙatar tunatarwa, in ya amsa tikitin zai dawo layinki da kansa. Wanda kike jiran injiniyoyi ne ke kwana, shi za ki sa wa ranar bibiya.

Zapier, wani dandali mai sada manhajoji da juna, yana iya haɗa manhajojin biyu, amma ki ɗaure shi da wata alama da ke kaɗai kike sa wa tikiti. In kika bar shi sake, duk abin da ya shigo zai juye miki.