Kafin ka sayi akwatin sifana

Tambaya: Assalamu alaikum. Na sayi Corolla 'yar Kwatano, kullum ina garejin bakanike a kan abin da bai taka kara ya karya ba. Ina so in koyi ƙananan gyare-gyare da kaina. Wane kayan aiki zan saya? (Daga Zariya)

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, bar babban akwatin nan mai sifana barkatai, rabinsu tsatsa ce za ta cinye su. Notunan motocin Japan yawanci lamba 10, 12 da 14 ne. Nemi waɗannan, da filaya, da sukundireba, da ma'aunin iskar taya. In ka leƙa kasuwar Panteka a Kaduna, tsohuwar sifana mai nauyi ta fi sabuwa mai sheƙi da ke cinye kan noti.

Amma kafin hannu, ido ne zai fara koyo. Da safe, mota na tsaye a shimfiɗaɗɗen wuri, zaro sandar awon baƙin mai, goge, mayar, sake zarowa: man ya tsaya tsakanin alamomin nan biyu. Ruwan lagireto ma a sanyi ake duba shi. Buɗe murfinsa da zafi ya ƙona fuskoki da yawa. Lokacin hunturu ƙura kan toshe matatar iska, canza ta kuwa aikin minti biyar ne. In za ka wanke kan batir, fara kwance wayar da ke da alamar (-), ita ce kuma ta ƙarshen ɗaurawa.

Birki dai a bar wa masu shi tukuna. Kuma kada ka kuskura ka shiga ƙarƙashin mota alhali jak kaɗai ke riƙe da ita.

Tambaya: Fitilar inji ta kunnu a motata, an ce in sayi na'urar OBD2. Ba asarar kuɗi ba ce? (Daga Kano)

Amsa: Hajiya, ki saya, ƙaramar ta wadatar. Na'ura ce da ake jona wa mota, ta nuna lambar matsalar da ta kunna fitilar. Motocin da aka sayar a Amurka daga 1996 duk suna da soket ɗinta, galibi ƙarƙashin sitiyari. Sai dai ishara kawai take yi: misali, lambar P0301 na nufin silinda ta ɗaya na fashin wuta, ba za ta ce miki fulogi ne ko koyil ba. Rubuta lambar ki tafi da ita gareji, kada ki goge ta tukuna. Idan fitilar ƙiftawa take yi, ki nemi wuri ki tsaya.