Amsa: gaberata na ruɓewa daga gindi, shin ta mutu ke nan?

'Yar'uwa, kin ce kin sayi gabera, wato wata shukar fure ta ado, a tukunya, ta yi fure sau ɗaya sai gindin ya yi baƙi ganye na langaɓewa, kina tambaya ko dama shekara ɗaya take yi. A'a, tana iya shekaru tana fure in ta samu kulawa.

Asalinta tsaunukan Barberton ne a Afirka ta Kudu, can a gangaren dutse take fitowa cikin ciyawa inda ruwa ba ya kwanciya, furenta siriri ja mai ɗan ruwan lemo. Waɗannan manyan masu ruwan hoda da fari da ɗorawa da muke saya haɗa iri aka yi a Turai tun ƙarshen ƙarni na 19, sun fi kyau amma sun fi saurin lalacewa.

Matsalarki ruwa ne. Ni ma na rasa guda biyu haka, na binne wuyanta, wato inda ganye ke fitowa, kullum ina zuba ruwa a tsakiya, ranar da na taɓa wurin ya yi laushi kamar ruɓaɓɓen tumatir, abin ya ba ni takaici sosai. Ki tumɓuke ta, ki yanke ruɓaɓɓen, ki sake dasawa a ƙasa mai yashi da taki kaɗan, tukunya mai huda, wuyan ya ɗan fito sama. Ban ruwa da safe ta gefe, shi ma sai in saman ƙasar ya bushe.

Zafin Maris da Afrilu a Kano yana dafa ta, ki bar mata ranar safe kawai. A Jos ta fi jin daɗi.

In kin ga farar ƙura a ganye, ki kai wa malamin gona ya duba kafin ki fesa komai.