Ka fara da littafin nan kafin ka nemi tikitin jirgi

Ɗana, jiya bayan zagayen ɗakin yara ka tare ni ka ce, "Malam, ina son bincike a kan sikila, amma a nan Garwa da me zan yi shi? Ba sai na ajiye duba marasa lafiya na tafi Yawunde ko Faransa ba?" Ban tsaya ba don ana jirana wajen ƙarin jini. Ga amsarka yanzu.

Tafiya kam za ka yi wata rana, ban hana ka ba. Sai dai wanda ya tafi ba tambaya a ransa, wanke wa wasu kwalabe zai ƙare yana yi. Tambayar kuwa a bakin gado ake tsintar ta. James Herrick da ya fara bayyana cutar a Shikago a 1910 likita ne mai duba marasa lafiya, kuma jinin ɗalibi ɗaya tal aka leƙa aka ga ƙwayoyin sun lanƙwashe kamar lauje. Anthony Allison ma lura ya yi cewa masu AS, wato masu ɗauke da gadon sikila ba tare da ciwon ba, sun fi yawa inda sauro ya yi katutu a Gabashin Afirka, ya bi sawu har ya nuna a 1954 cewa gadon nan na kare su daga mummunan zazzaɓin cizon sauro.

Ka san littafin nan mai baƙin bango da ke kan teburina, wanda kuke yi wa dariya? Duk yaron da ya shigo ina rubuta shekarunsa, nauyinsa, yawan jininsa, watan da ciwon ya tashi, ko da zazzaɓi, da 'yan'uwansa nawa suka rasu. Wannan tambaya ta ƙarshe a hankali ake yin ta, don uwar da aka daɗe ana kiran 'ya'yanta wabi ba ta son a tona. Kowa a asibitin nan zai rantse maka ciwon ƙashi ya fi tashi da hunturu, wani ya ce a'a, da zafin Maris da Afrilu ne, lokacin da Binuwai ke janyewa yara suna bushewa da ƙishi. Wa ya ƙirga? "Na lura" hira ce ta bakin shayi. Ranar da ka zauna ka ƙirga shekara uku wata bi wata, ranar ka shiga sana'ar.

Akwai layi ɗaya a littafin da na ƙara bayan na sha kunya. Ina sabon likita a wani asibiti aka kawo min sakamakon wani yaro, gwajin ilektoroforesis, wanda ke tantance AA, AS da SS, ya nuna A da S. Na dubi ubansa na ce ya kwantar da hankali, ɗansa ɗauke kawai yake da ita. Bayan 'yan watanni suka dawo, idon yaron ya yi rawaya, yana ta ihu da ciwon ƙafa. Ashe mako biyu kafin gwajin an yi masa ƙarin jini a wani gari, A ɗin da na gani na wanda ya ba da jinin ne. Ban tambaya ba, uban kuma bai san abin faɗa ba ne. Tun daga ranar nake tambayar ko an ƙara jini cikin wata uku da suka wuce. In an ƙara, a jira, ko a gwada iyaye. Gwajin Emmel da ake yawan yi mana shi ma kada ka jingina da shi, yana nuna akwai S ne kawai, ba ya raba AS da SS.

Dubi haidiroksiyuriya, maganin da ke rage tashin ciwon sikila. Amurka ta amince da shi tun 1998, amma aka daɗe ana ɗari-ɗarin bai wa yaran Afirka, ana tsoron yunwa da zazzaɓi za su haɗu da shi su yi ɓarna. Likitocin yara a Angola, Kwango, Kenya da Yuganda ne suka bi ɗaruruwan yara da awo da rubutu, sakamakon ya fito a 2019: ciwo ya ragu, ƙarin jini ya ragu, mutuwa ta ragu, har zazzaɓin ma ya ragu. A Kano, nan kusa da mu, an gwada shi wajen kare yara daga shanyewar ɓarin jiki. Kwaku Ohene-Frempong, likita ɗan Ghana, ya kafa gwajin sikila ga jarirai a Kumasi a 1995. Ambroise Wonkam, ɗan ƙasarmu, a Yawunde ya karanta likitanci kafin ya kai jami'ar Johns Hopkins ta Amurka. Na san hankalinka na kan gyaran ƙwayar gado da aka amince da shi a 2023. Kuɗinsa a lokacin ya haura dala miliyan biyu, alhali mu nan rashin fenisilin da gidan sauro ke ɗauke mana yara.

Ka ware yamma biyu a mako don littafin, ka koyi lissafin ƙididdiga, ka gyara Ingilishinka tun da yawancin mujallun da shi ake buga su. Kada ka ɗebi jinin ɗan kowa don bincike sai kwamitin ɗa'a ya sa hannu, uwar kuma ta ji bayani da Fulatanci ko Hausar da take ganewa ta ce ta yarda.

Gobe ka zo da ƙarfe bakwai. Akwai wata uwa daga Pitowa da zan koya wa taɓa saifar ɗanta a ƙarƙashin haƙarƙarin hagu, don in ta kumbura dare ɗaya ta san ba a jiran gari ya waye. Kai za ka kama hannunta ka nuna mata, sannan ka cike layin yaron da kanka.