Tankin Kifi a Saman Bene: Daɓen Zai Ɗauka?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina haya a hawa na biyu, kuma ina so in kafa tankin gilashi na kifin ado a falo, tsawonsa santimita 150, faɗi 50, tsayi 60. Maiɗakina ta ce wata rana sai ya rufta kan maƙwabtanmu na ƙasa. Akwai ƙamshin gaskiya a maganarta?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Kafin ka ce tsoro ne kawai irin nata, ɗauko biro mu yi lissafi. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, tankin nan kuwa lita 450 yake ci. Gilashinsa kaɗai, in mai kaurin milimita 12 ne, ya haura kilo 90. Ƙara yashi da duwatsu da teburin da zai zauna a kai, ka tasam ma kilo 600. Ƙarti takwas ke nan tsaye a wurin da bai kai murabba'in mita ɗaya ba, kuma ba za su taɓa tafiya gida ba.

A ƙasashe da yawa, ana tsara daɓen gidan zama ne kan kilo 150 zuwa 200 a kowane murabba'in mita. Wannan awo na nauyin da aka baza ko'ina a ɗaki ne, don haka ba yana nufin tankinka zai huda bene nan take ba. Amma inda ka ajiye shi, nan maganar take. Tsakiyar ɗaki ce ta fi saurin lotsawa. Ka matsar da shi jikin bangon da ke ɗauke da gini, ko saitin ginshiƙi. In daɓen katako ne, ya gitta katakan da ke ƙarƙashi, yadda uku ko huɗu za su raba nauyin. Baranda mai leƙowa waje kam, ko da wasa.

Wanda zai yanke hukunci injiniyan gini ne, bayan ya ga zanen gidan ko ya zo da kansa. Ni daga nan ba na ganin rodin da ke cikin kankarenka. Mai gidan ma a nemi yardarsa tun kafin a hau da tanki.

Sai dai abin da ya fi jiƙa na ƙasa yoyo ne, ba rushewa ba. Teburi ya zauna daram. Ka zuba ruwa kamu ɗaya ka duba bakinsa ta kusurwa huɗu. In ya karkata, kwashe ka gyara, don karkata ke murɗa gilashi har gam ya saki. Soket ya zauna sama, wayar kayan lantarkin tankin ta yi lanƙwasa ƙasa da shi don kada ɗigo ya bi ta.

Ni kaina na sha. An ɗauke wuta da dare, ruwa ya biyo siririn tiyon famfon da ke hura wa kifi iska, wanda na ajiye a ƙasa, ya yi ta tsiyaya har asuba. Sallamar maƙwabcina ce ta tashe ni, riƙe da bokiti. Tun ranar na ɗaga famfon sama da bakin ruwa, na kuma sa wa tiyon ɗan bawul mai hana ruwa komowa.