Ƙungiyar Melos ta Jamus: wane faifai za a fara nema?

Ka tambayi tarihin 'yan Melos da faifan da ya kamata ka fara saurara. A Stuttgart suka haɗu a 1965, masu gogen Turawa huɗu: Wilhelm Melcher, 'yan'uwa biyu Gerhard da Hermann Voss, sai Peter Buck mai babban gogen da ake riƙewa tsakanin gwiwoyi. Sunan ma daga Melcher da Voss aka harhaɗa shi. Shekara 28 ba wanda ya fita, sai 1993 Ida Bieler ta gaji Gerhard. Rasuwar Melcher a 2005 ce ta kawo ƙarshensu.

Ni dai, fara da kiɗan mutum biyar da mai tsara kiɗa Schubert ya rubuta, wanda suka naɗa wa kamfanin faifai Deutsche Grammophon tare da Rostropovich, ɗan Rasha mai babban goge. Saurari sashe na biyu da daddare, gida ya yi tsit. Faifansu na kiɗan Beethoven, shi ma mai tsara kiɗa, ya jira tukuna.