Amsar kawu kan atamfar lefe

Assalamu alaikum 'yata. Saƙonki ya iso, kuma na ji daɗin tambayar. Kin ce ƙawayenki sun dage cewa lefen da babu atamfar Holan da shadda da leshi bai cika lefe ba, domin wai haka muka gada kaka da kakanni, ke kuma kina son ki san ko gaskiya ne kafin dangin mijin su kawo naki. To, ki gyara zama, maganar tana da ɗan tsawo.

Abin da addini ya wajabta shi ne sadaki, sai kuma ci da sha da tufatarwa bayan an ɗaura. Lefe al'ada ce, kuma tsohuwa ce, ba na musu. Amma abin da ke cikin akwatin bai tsufa kamar yadda ƙawayenki suke zato ba. Kakar kakarki da saƙi aka kai ta, da gwado, da baƙin zane mai sheƙi wanda ya sha bugu, in gidan masu hali ne a haɗa da zanen tsamiya, wato alharinin gida. A kwando ake jera su. Kuma kusan duk hannun da ya taɓa kayan nan hannun maƙwabci ne. Manomi ya noma auduga. Mata a cikin gida su gurje ta, su yi shiɓa, su zauna da mazari da alli suna kaɗi har dare ya raba. Masaƙi ya sayi zaren ya saƙa ƙyalle siriri, maɗinki ya harhaɗa, marini ya tsoma a ruwan baba, masu bugu su dake shi har ya riƙa ɗaukar ido. Kafin zane ɗaya ya kai ɗakin amarya ya ciyar da gidaje da dama.

Kada ki ɗauka ƙaramar sana'a ce ta ƙauye. Wani Bajamushe matafiyi, Heinrich Barth, wanda ya yi yawo da sunan Abdulkarim, ya shigo Kano a 1851. Ya rubuta cewa tufafin Kano suna kaiwa Tambutu da Gat da Murzuk har Tarabulus, ya kuma ƙiyasta cinikinsu da wuri miliyan 300 a shekara. Buzaye ba su da abin da ya kai musu turkuɗi da rawani ɗan Kura daraja. Sai dai gaskiya ɗaya da masu yabon da suke tsallakewa: wani kaso na audugar nan bayi ne suke noma ta a rinji. Arziki ne na gaske, amma ba kowa ya ci shi da daɗi ba. Shi Barth ɗin ma ya tarar da farin yadin Manchesta a kasuwar Kano, raƙuma sun ƙetaro da shi Sahara. Kaɗan ne a lokacin, bai tsorata kowa ba.

Can Ingila kuwa an daɗe da ƙera injinan kaɗi da saƙa masu aiki da tururi. Abin da mace za ta yi wata tana kaɗawa, inji ya gama shi kafin ta wanke hannu. Irin wannan masana'anta ciki biyu gare ta, ɗaya na neman auduga, ɗaya na neman mai sayen yadi. Yaƙin basasar Amurka na 1861 zuwa 1865 ya yanke musu auduga har ma'aikatansu suka shiga yunwa, tun daga nan suka ƙudura neman wata gonar. An zauna a Balin a 1884 zuwa 1885 kan yadda za a raba Afirka, kamfanin Ingila na Royal Niger ya samu takardar izinin ciniki da mulki a yankin kogin Kwara a 1886, gwamnatin Ingila ta karɓi ragama da kanta a 1900. A 1902 masu masaƙu suka kafa ƙungiyar noman auduga da ake kira BCGA. A 1903 sojojin Lugga suka ci Kano lokacin Sarki Alu, suka wuce Sakkwato, aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi. Ki dubi yadda shekarun nan suke bin juna, ba sai na ƙara miki bayani ba.

Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911. Lissafin Turawa shi ne ya sauka da audugarmu, ya hauro da yadinsu. Nan ne abin ya ba ni sha'awa, domin mutanenmu ba su miƙa wuya yadda aka tsara musu ba. Masaƙan Kano sun fi kamfanin Bature sayen auduga da tsada, don haka manomi ya ci gaba da kai musu. Da aka matsa masa da haraji, wanda yanzu sai da kuɗin Bature ake biya ba wuri ba, sai ya duba ya ga gyaɗa ta fi riba, ga shi in ciniki ya ƙi sai a ci ta a gida. Turai kuma tana son man gyaɗa don sabulu da man shafa wa burodi. Daga 1912 gyaɗa ta ɓarke, attajirai irin su Alhassan Ɗantata suka shiga sayenta, har aka kai ga dalar gyaɗar da kike gani a tsofaffin hotuna.

To, kuɗin gyaɗar nan ne ya shigo da atamfa ɗakin amarya. Kantin da ya sayi gyaɗarka, na John Holt ne ko na UAC, shi ne kuma zai sayar maka da akoko da alawayyo da atamfa. Kuɗin ya shiga ta ƙofa ya fita ta taga. Ita atamfar ma ba ta Turawa ba ce tun asali. Mutanen Jawa, a Indunusiya ta yau, su ne masu zanen kakin zuma da hannu. Holan tana mulkinsu, sai ta kwaikwayi aikin da inji, kasuwarsa ta buɗe a gaɓar Afirka ta Yamma, daga can ta hauro mana. Shadda mai tsadar nan ta Getzner daga Ostiriya take zuwa. Baban rini ma bai tsira ba, tun 1897 Jamusawa suka fara sayar da shuɗin da aka haɗa a masana'anta.

Saƙa ba ta mutu dare ɗaya ba. Da ƙuruciyata ana jin bugu daga nesa a unguwa, kuma babu tsohuwar da za ki shiga ɗakinta ki rasa mazari. A hankali abin ya zare. Wanda ya fi asara, a ganina, mace ce. Kaɗi shi ne jarinta, tana cikin kulle amma tana da kuɗinta, da shi take tara wa 'yarta kayan ɗaki, ba ta jira miji ba. Da zaren inji ya yi arha, wannan ƙofa ta rufe. Abin haushin, sai ya zama ana auna darajar mace da yawan turamen da aka saya mata, alhali kakarta ita ce mai yin zaren. Wannan gasar ta ƙirga akwatuna a gaban jama'a, saiti shida, saiti goma sha biyu, ban gan ta wurin iyayenmu ba, kuma na ga samarin da ta hana aure.

An yi yunƙurin dawo da aikin gida. Gwamnatin Sardauna ta buɗe masaƙar Kaduna a 1957, wasu suka biyo baya a Kakuri da Kano, dubban mutane suka samu aiki, har atamfar Najeriya ta shiga lefe ba tare da kunya ba. Rashin wuta da fasa-ƙwauri suka durƙusar da su, zuwa shekarun 2000 yawancinsu sun rufe. Yau ki shiga Kantin Kwari, akasarin abin da za ki taɓa daga Sin yake, har da mai tambarin Holan ɗin.

Ban ce ki ƙi atamfa ba. Shekara ɗari tana jikinmu, telolinmu sun ba ta fasali, matanmu sun raɗa wa zanukanta sunaye, ta zama tamu ta wannan fuskar. Abin da ban yarda ba shi ne a ɗora wa yaron nan bashi da sunan kakanni. Ki gaya wa mahaifiyarki ta sanar da danginsa su kawo daidai ƙarfinsu. In kuma kina son abin da ya fi kusa da na kakanni, har yanzu akwai masu rini a Ƙofar Mata da Kura. Gwado ɗaya da rinannen zane ɗaya ni zan saya miki, sai a sa su a saman akwatin farko. Ki turo mini ranar da aka tsayar don in ba da aikin da wuri, rinin baba yana ɗaukar kwanaki. Ki gaishe da mutan gidan.