Sun rubuto mini "rescind", kuɗina fa?

Tambaya: Ina sayar da atamfa a Kantin Kwari. Na ba wani kamfani kafin alƙalami na naira miliyan 3 kan dila 20, sai ga takarda wai sun yi "rescind" ɗin yarjejeniyarmu. Yarona ya ce nufinsu sun fasa. Kuɗina sun tafi ke nan?

Amsa: Alhaji, kwantar da hankalinka. Yaronka ya yi gaskiya, sai dai kalmar ta fi "mun fasa" nauyi, kuma nauyin nan kai yake wa amfani.

Asalinta daga Latin ne, "rescindere", wato a datse abu a tsinke shi. Ba a jin ta a hirar shayi, sai a bakin lauyoyi da takardun hukuma, idan an janye doka ko an soke tayin aiki. A dokar kwangila ta Ingila, wadda Najeriya ta gada, ma'anarta a warware ciniki tun daga tushe, kamar ba a taɓa ƙulla shi ba. Kowa ya mayar da abin da ya karɓa. Wanda ya karanta babin ciniki a fiƙihu zai tuna iƙala, inda mai saye ke mayar da kaya, mai sayarwa ya mayar da kuɗi, bisa yardar juna. Da "terminate" suka rubuta, da magana ta bambanta, don ita tana tsayar da yarjejeniya ne daga yau zuwa gaba.

Abin da ya dame ni shi ne dalilinsu. Ɓangare ɗaya ba ya warware ciniki don kawai farashi ya tashi ya samu mai saye da tsada. Sai an yaudare shi, ko an tilasta masa, ko an yi babban kuskure wajen ƙullawa, ko kuma takardar da kuka sa wa hannu ta ba shi dama. Wasu kamfanonin ma sakin kalmar suke barkatai, don haka ka ɗauko takardar yarjejeniyar ka duba abin da ta ce kan kafin alƙalami.

Kada ka sa hannu a wata sabuwar takarda tukuna. Ka haɗa rasit da shaidar tura kuɗi ta banki, ka kai wa lauya cikin makon nan, ya rubuta musu su faɗi dalili, su kuma sa ranar da miliyan 3 ɗinka za su dawo.